Kanwar da Na Lasa a Ingila

Ruwa ake yi ranar da jirgin ƙasa ya ajiye ni a garin, irin ruwan nan nasu da ba ya zuba sosai kuma ba ya ɗaukewa. Na tsaya a bakin gar, wato tashar, da baliz ɗaya, akwati mai taya, da jakar hannu, ina duban fuskar duk wanda ya gitta, ko shi ne mutumin da ya ce zai tarbe ni. Sunana Salamatu, ƴar Guci ce ni a ƙasar Dungas, kuma na daɗe ina koyar da shimi, ilmin sinadarai, a lise, wato babbar sakandare, ta Magariya. Bursu, wato tallafin karatu, na samu ta wata shida, in zo wani ƙaramin gidan tarihi a Ingila in taya su tantance duwatsu da gishirin da aka kwaso daga Afirka tun zamanin da. An ce mini idan staj ɗin, wato wannan horon aiki, ya yi kyau, takardar da za su ba ni ita za ta buɗe mini ƙofar ƙaro karatu. Wannan takarda ita na zo nema, kuma saboda ita na bar ƴata Aisha a hannun Inna, mahaifiyata.

Mutumin bai zo ba. Ta waya muka san juna, ya ce matarsa ƴar Damagaram ce, ya ce yana da ɗaki, ya ce in tura kafin alƙalami tun ina Yamai, na kuwa tura. Da na gaji da jira na ja baliz ina tambaya har na kai adireshin da ya ba ni. Shagon gyaran taya ne. Mai shagon ya dubi takardar, ya dube ni, ya ce ni ce ta uku da aka turo masa. Ban yi kuka ba, haushin kaina ne ya fi ƙarfi, ni da nake yi wa ƴan ajina faɗa kullum kada su yarda da amsar da ba su gwada ba.

Ba ni da wani adireshi sai na gidan tarihin, don haka can na nufa da kayana. Na shiga zaure jiƙe sharkaf, tayoyin baliz suna zana laka a kan daɓen da wata mata ta gama gogewa yanzun nan. Na ga ɓarnar da na yi, bakina ya suɓuce na ce, "Wayyo Inna."

Matar ta jingine sandar guga, ta ce, "Innarki tana nesa, ƴata. Ɗaga kayan nan ki zo ki zauna."

Ita ce Anti Maimuna, ƴar zangon Kumasi, ta fi shekara ashirin tana share gidan. Ta saurari labarina tana girgiza kai, ta ce tana da ɗakin ɗanta da ya yi aure ya tashi. A gidanta na zauna har na bar ƙasar. Hausarta takan ba ni dariya, tawa ma takan ba ta, don duk lokacin da na ce lakwal maimakon makaranta, ko buro maimakon ofis, sai ta ce in daina yi mata Faransanci a kicin.

Washegari na haɗu da Madam Helen, mai kula da duwatsun. Doguwa ce, mai furfura, ba ta da yawan fara'a amma ba ta da wulaƙanci. Ta sauko da ni wani ɗaki a ƙarƙashin ginin, ta ba ni farar riga da safar hannu, ta karanta mini dokoki. Ba a ci, ba a sha, ba a taɓa komai da hannu tsirara, a wanke hannu kafin a fita. Na sa hannu a takardar ina murmushi a zuciyata. Waɗannan dokokin ni na rubuta irinsu da alli a ƙofar labo, ɗakin gwaje-gwajenmu na Magariya, har na taɓa korar wani yaro mako guda don ya ɗanɗana gishiri a gilas.

Sannan ta nuna mini armuwar, wato kabad ɗin duwatsun. Ƙaton abu ne na baƙin katako, ya fi ni tsawo, cike da siraran aljihuna tun daga sama har ƙasa. Mai shi ya mutu fiye da shekara ɗari biyu. Su suna kiransa Dokta, ni kuwa da na ba Inna labarinsa ta waya sai ta raɗa masa Mai Duwatsu, sunan ya bi shi a bakina har yau. Ɗan mai sayar da magani ne a wannan garin. Bai yi aure ba, bai taɓa ƙetare teku ba, amma duk matuƙin jirgin ruwa ko ɗan kasuwar da ya sauka a yankin ya san akwai wani mutum da ke karɓar dutse ya yi godiya kamar an ba shi rago. A bayan shagon ubansa ya yi aikinsa duka. Kayan aikin suna nan a cikin akwatin gilas: ma'auni ƙarami, guntun gawayi, fitila, da wani siririn bututun tagulla irin wanda maƙeran azurfa ke hura wuta da shi. Yakan ɗora ɓarɓashin dutse a kan gawayi, ya hura harshen wuta a kai, ya dubi launin da ya fito, daga nan ya san abin da ke ciki. Na daɗe tsaye gaban bututun nan ina tunanin kumatun mutumin da ya yi shekara arba'in yana hura shi.

Makonni uku na farko na yi su cikin jin daɗin da ban zata ba. Sanyi yana cina, abinci ba ya shiga, in na ji muryar Aisha a waya sai in rasa abin da zan yi da hannuwana. Amma da na ja aljihu ɗaya sai komai ya tafi. Kowane dutse yana kwance a ɗan kwalinsa, da ƴar takarda mai rubutun da ya koma ruwan ƙasa. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yawan waɗanda na sani tun ina yarinya. Ga farar wuta. Ga alif da muke tace ruwa da shi. Ga dutsen kwalli yana ƙyalli, an manna masa jar alama ta guba saboda dalmar da ke cikinsa. Na gaya wa Madam Helen cewa da shi aka yi mini ado ranar sunana, ta cire tabarau ta dubi idanuna sosai kamar tana neman inda ya lalace.

Ya kamata in faɗi ko ni ƴar wace ce, in ba haka ba abin da na yi zai zama kamar hauka. Inna mai kanwa ce. Tun kafin a haife ni take da rumfa a kasuwar Guci, kuma mahaifinta da jakuna yake ɗauko kanwa daga tafkunan Manga ya ratsa ta wajenmu zuwa Kano. A gindin tabarmarta na yi wayo. Na san jar kanwa, na san fara, na san ungurnu ta magani, na san garin da ake ba dabbobi. Na kuma san gwangwarasa, wadda ke kama da kanwa a ido amma ba ta shiga miya, majema ne ke sayenta don jimar fata. A rumfar Inna ba a gardama a kan kaya. In an yi shakka sai a kai baki. Kanwa ta gaske tana da santsi a harshe kamar sabulu, tana ɗan cizo. Gwangwarasa kuwa sanyi take fara yi, sannan ɗaci ya biyo baya.

Ranar wata Talata na ja wani aljihu na ƙasa, sai na ga dunƙule biyu kusa da juna, masu launin toka-toka. Gabana ya faɗi, irin faɗuwar da yake yi in ka hangi ɗan garinku a tashar da ba ka zata ba. Takardar na farko ta ce soda ce daga cikin ƙasar baƙaƙe, ta hannun ayarin da ke ratsa Sahara, wato kanwa ke nan. Ta na biyun ta ce gishiri ne mai ɗaci daga wuri guda. Na ɗauki wanda aka ce kanwa ne, na juya shi. Wani abu bai kwanta mini ba. Ya cika haske, kuma yadda bakinsa ya karye ba haka kanwa ke karyewa ba.

Ban yanke shawara ba, wannan ita ce gaskiya. Hannuna ne ya yi abin da ya saba tun ina shekara biyar. Na kai dunƙulen baki na lasa.

Sanyi, sannan ɗaci. Gwangwarasa ce. Har na buɗe baki zan yi dariya, sai na ga Madam Helen a bakin ƙofa da kwalin takardu a hannu. Fuskarta ta yi fari fat.

Ta ce, "Ajiye shi. Kada ki haɗiye yawu. Zo nan."

Ta ja ni wurin famfo, ta sa na kurkure baki har na gaji. Ina ƙoƙarin gaya mata an yi kuskure a takardar, ba ta ma ji na. Ta tambaye ni ko na san abin da ke aljihun da ke saman wancan. Na sani, ni na jera shi da hannuna ranar Jumma'a: duwatsun arsenik ne, guba mai kisa, kuma shekara ɗari biyu ƙurarsu tana zuba ƙasa ta tsagar katako. A nan ne na daina gardama. Aka kai ni likita, aka ɗebi jini, aka ce ba abin da ya same ni. Da muka dawo Madam Helen ta karɓi makullin da ta ba ni. Ta ce dole ta rubuta rapor, wato rahoto, kwamitin gidan zai zauna bayan mako uku ya ga ko za a katse staj ɗin a sanar da masu bursu. Kafin nan ba zan sake taka ɗakin ƙasa ba.

Anti Maimuna ta ji labari tun kafin in hau sama. A bas, da muka kusa gida, ta ce, "Ke da aka ce malama ce. Duk abincin da nake dafa miki bai ishe ki ba sai kin ci dutsen Bature?"

Na yi dariya, daga dariyar kuka ya ƙwace. Abin da nake gani shi ne ranar da zan sauka tashar Magariya wata huɗu kafin lokaci, direktan lise ya tambaye ni dalili, in ce na lashi kayan tarihi. Ƴan ajina kuwa ba za su bar ni in sake rubuta doka a ƙofar labo ba.

Don kada in zauna haka, aka tura ni ɗakin karatu na sama, aka jibge mini kwalayen takardun Mai Duwatsu. Akwai wasiƙu da yawa da ya yi musaya da wani abokinsa na Faransa, da Faransanci, kuma ba wanda ya samu lokacin karanta su a tsanake. Hukunci ne, amma ni ya zame mini zango mafi daɗi a tafiyar. Kwana biyu na yi ina kokawa da rubutunsa, a na uku ya fara yi mini magana.

Mutum ne mai ƙorafi. Yana kukan tsadar gawayi, yana kukan manyan masana na babban birni da ba sa amsa wasiƙarsa, yana kukan wani da ya buga sakamakon da shi ya riga shi samu. Amma in ya zo kan dutse sai ya zama yaro. Ya taɓa yin wata biyu a kan baƙin yashin da wani manomi ya kawo masa cikin hula, yana narkawa, yana tacewa, yana aunawa, ya ɓata, ya sake daga farko. Ya rubuta kuskurensa duka, bai ɓoye ko ɗaya ba. Na ji ina son mutumin nan, duk da na san da mun haɗu da sai mun yi faɗa.

Sai na buɗe manyan littattafan da yake rubuta gwaje-gwajensa. Kowane shafi ya ja masa layi gida-gida: launi, nauyi, abin da ya yi a wuta, abin da ya yi a ruwan asid. Gida na ƙarshe kuwa ɗanɗano ne. Na sake karantawa don in tabbata. Mai Duwatsu lasa yake yi. Wannan zaƙi-zaƙi, wannan yana ɗaure baki, wannan ba ya da ɗanɗano, shafi bayan shafi. Na tashi na zaga teburin sau biyu, mai kula da ɗakin karatun yana kallona ta saman tabarau.

Can wajen tsakiyar littafi na huɗu rubutun gidan ɗanɗano ya sake. Ya zama ƙanana, a tsaye, kuma a gefen kowane an sa harafi ɗaya. A wasiƙun na samu dalili. Wata rana kwalba ta fashe masa a kan wuta, ya shaƙi hayaƙin, ya yi jinya mai tsawo. Da ya tashi harshensa ya mutu. Ya gaya wa abokinsa cewa burodi da katako duk ɗaya ne a bakinsa yanzu, kuma yayarsa, wadda ke riƙe masa gida, ita ke ɗanɗana masa gishiri tana rubutawa. Ko sau ɗaya bai ambaci sunanta ba, yayata kawai yake cewa. Wasiƙun ƙarshe ma da hannunta aka rubuta su, don nasa hannun rawa yake yi, haƙoransa sun zube. Bai kai sittin ba ya rasu.

A wannan littafin na samu dunƙulena biyu. Ya zana su da alƙalami, ƙaramin zane amma ba ka ɓata su. Mai tsagi a gefe, in ji shafin, ya yi kumfa a asid, kuma yayar ta rubuta cewa yana da santsi kamar sabulu. Mai hasken bai yi kumfa ba, ta ce da sanyi ya fara sannan ɗaci. Abin da harshena ya faɗa, harshenta ya riga ya faɗe shi. Wani ne daga baya, ƙila wajen kwashe kaya, ya musanya takardun biyu, kuma tun daga ranar kowa yake kwafar kuskuren.

Na fito daga ɗakin nan ina jin kaina ya kai rufi. Na shirya jawabin da zan yi wa kwamiti, na maimaita shi gaban madubin Anti Maimuna. Zan ce musu mai armuwar ɗin da kansa lasa yake yi. Zan ce ilmin kasuwar Guci ya gano abin da suka yi shekaru suna kallo ba su gani ba. Har da wata magana mai zafi a kan waɗanda ke kwashe kayan mutane su kulle a aljihu.

Ana jibi za a zauna na kira Inna. Ban taɓa gaya mata abin da ya faru ba sai ranar. Da hantsi ne a can, ranar kasuwa, ina jin kukan awaki da ƙarar babura a bayanta. Na zayyana mata komai, ina jiran ta ce ƴarta ta fitar da ita kunya.

Sai ta ce, "Ƴar lakwal, da kika ɗauka, kin tambayi mai kayan?"

Na ce, "Inna, mai kayan ya mutu tun tuni."

"Ita matar da ta ba ki makulli fa, ita ma ta mutu?"

Na ce a'a.

"To ɓantara kika yi, ko dunƙulen kika kai baki?"

Na fara kame-kame. Ta ce, "Dunƙulen kika lasa ke nan. A rumfar wa kika ga ana haka? Shekara nawa kina zaune kusa da ni. Mai saye ya zo, ya ce in taɓa? In na ce taɓa, ni zan ɓantaro masa da hannuna in miƙa masa. Wanda ya ɗauki dunƙule ya sa wa yawu, ko ɗan sarki ne, sai ya bar mini tabarma. Wa zai sayi abin da wani ya lasa? Ba ni na koya miki wannan ba, kada ki je ki ce musu a gidanku kika gani."

Na ce, "Amma Inna, gaskiyata ce, gwangwarasa ce."

Ta ce, "Wa ya ce ba ita ba ce? Ɓarawon da ya shiga rumbu ya ce gero ya yi ƙwari, ai bai yi ƙarya ba. Je ki ba matar nan haƙuri. Ga mai saye ya zo."

Ta kashe waya. Na zauna a bakin gado da jawabina a hannu. Kunyar da na ji a lokacin ta fi wadda na ji gaban Madam Helen, don wannan karon ba ni da inda zan fake. Na ɗauka dokar Turawa na karya saboda na bi ta gida, ashe duka biyun na karya.

Mutum uku ne a kwamitin, Madam Helen a tsakiya. Da aka ba ni dama na miƙe na ce na yi laifi. Na ce na san dokar, ni ma ina koyar da ita. Na ce a kasuwar garinmu ma akwai doka a kan wannan, na faɗa musu yadda take, da abin da mahaifiyata ta ce da ta ji. Na ce duk hukuncin da suka yanke ba zan ce an zalunce ni ba. Sannan na ajiye hoton shafin littafin a kan tebur, na ce wannan ba kariya ba ce, aiki ne da na tarar, ko na tafi ya kamata a duba takardun nan biyu.

Madam Helen ta daɗe tana duban shafin. Ta ce, "Kin ga gidan ɗanɗano."

Na ce na gani.

"Kin karanta yadda ya ƙare?"

Na ce na karanta.

Ta ce, "Na san za ki samu shafukan nan, shi ya sa na tura ki can. So nake in ga wanne za ki kawo mini, lasar ko ƙarshen. Armuwar nan ya riga ya ci mutum ɗaya. Ba na son in rubuta wa wata uwa a Nijar wasiƙa."

Ba a kore ni ba. Amma rapor ɗin ya zauna a dosiyena, wato fayil ɗina, kuma har na gama ban sake shiga ɗakin ƙasa ni kaɗai ba, sai da wani a tsaye. Makullin ma bai dawo hannuna ba. Abin ya yi mini ciwo, kowace safiya in tsaya a bakin ƙofa ina jiran a buɗe mini, amma ban yi ƙorafi ba.

Aka kankare ɗan ɓarɓashi daga kowane dunƙule aka aika jami'a, inda suke da injin da ke karanta cikin dutse. Sai da aka yi kusan wata kafin amsa ta dawo, ta kuma faɗi abin da yayar Mai Duwatsu ta faɗa. Madam Helen ta ce za a sake katin bayanin kowane dunƙule. Ta ce tana son a rubuta sunayen da masu abin ke kiransa da su, da amfaninsa, kuma tana son ta ji daga bakin wadda ta kafa dokar ɓantara.

Muka kira Inna ta bidiyo daga ɗakin ƙasa, ta wayar maƙwabcinmu. Ta sha ɗaurin ɗankwali na zuwa biki, Aisha tana leƙowa ta kafaɗarta. Anti Maimuna ma ta ajiye guga ta sauko. Madam Helen ta sa safar hannu ta ɗaga dunƙulen farko gaban waya.

Inna ta matso da fuska, ta ce, "Gwangwarasa. Wannan har sai an lasa? Ke dai kin yi asarar zama a rumfa."

Anti Maimuna ta juya baya tana dariya. Na fassara wa Madam Helen duka, ban rage ba. Ta ɗaga na biyun. Wannan karon Inna ta ƙura masa ido. Ta ce a juya, aka juya. Ta ce a matso da tsagin nan na gefe.

Ta ce, "Farar kanwa ce, mai kyau. Wancan tsagin sawun igiyar kaba ne, tun tana da danshi aka ɗaure ta. Haka Baba yake ɗaure tasa." Sannan ta ce, "Allah sarki. Wani ya shiga tafki ya haƙo wannan, ƙafarsa duk ta tsage, ga ta nan ba ta shiga tukunyar kowa ba."

Madam Helen ta rubuta komai. A sabon katin akwai sunan Mai Duwatsu, akwai harafin yayarsa, don shi kaɗai muka samu, a ƙasa kuma sunan Inna da na Guci. Na karanta mata, ta ce to, kamar an gaya mata farashin gero. Sannan ta gyara zama ta ce, "Tambayar mini ita. Ki ce mai kanwa ta Guci tana gaisuwa, ta ce ko za a ɓantaro mata kaɗan ki taho da ita, ta ji irin ta mutanen da."

Na ce, "Inna, ba za su yarda ba."

"Ke dai tambaya."

Na tambaya. Madam Helen ta yi murmushi, karo na farko da na ga haƙoranta. Ta dafa ƙirji ta ce a gaya wa Inna tana ba ta haƙuri ƙwarai, amma ba za ta iya ba.

Inna ta gyaɗa kai, ta dube ni ta cikin wayar, ta ce, "To kin gani. An tambaya, an hana, ba wanda ya mutu."

Takardar da na je nema na samo ta, tana cikin baliz ɗin nan har yanzu, kuma maganar ƙaro karatu tana tafiya. Da na koma Magariya na tarar ruwan damina ya wanke dokokin ƙofar labo. Na ɗauki alli na sake rubuta su yadda suke, sannan na ƙara ɗaya a sama: a tambayi mai kaya.